PAX8 ko TTF-1 da tairoglobulin: wanne za a fara saya?

Ɗan'uwa, tunda kuɗin ɗakin gwajinku ba zai kai duka ba, kuma ƙarin tayirod mai saurin girma a wuyan dattawa ne ke ba ku wahala, PAX8 za ka saya. Dukansu uku rinin antibodi ne da ake yi wa nama don a gane asalin ƙari.

Sankarar anafilastik, wadda ita ake zargi a irin wannan ƙarin, ta riga ta zubar da kamannin tayirod. A madubin ƙara girma za ka ga ƙwayoyi sirara kamar mazari, ko manya masu cibiya da yawa, ko masu kama da na fata, ga mataccen nama wuri-wuri. Tairoglobulin ya tafi, TTF-1 ma galibi ya tafi. PAX8 ne ke saura a cibiyar ƙwayoyin, a rabin samfura ko fiye, kuma in ya kama, ya nuna maka daga inda ƙarin ya fito a lokacin da komai ya yi shiru. Rashin kamawarsa dai ba ya kore anafilastik.

TTF-1 da tairoglobulin kuwa sun fi aiki a wadda ba ta gama rasa kamanni ba, ita kuma rinin yau da kullum na H&E ya kusa isar ta. Ka'idojin Turin na 2007 ne ake gane ta da su: ƙwayoyi a cunkushe, a jere ko a tsibiri-tsibiri, babu cibiya irin ta sankarar tayirod ta fafilari, sannan ko dai cibiya a murɗe, ko mataccen nama, ko rabuwar ƙwaya 3 zuwa sama a fili 10 na babban gilashi. Tairoglobulin ma yana ruɗi: yakan tsiyayo daga lafiyayyun aljihunan tayirod da ƙarin ya rutsa da su, ya rina ƙwayoyin da ke kusa. TTF-1 kuma yana kama sankarar huhu da ta medulari, wata sankarar tayirod ta daban.

Amma ka kula da irin PAX8 ɗin, nan ake faɗawa rami. Na polikulonal (gaurayen antibodi) da kulon (antibodi iri ɗaya tak) MRQ-50 suna rikita PAX8 da ɗan'uwansa PAX5, don haka sukan rina ƙwayoyin B na garkuwar jiki. Ke nan limfoma, sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, wadda ita ma ke kumbura wuya cikin makonni, musamman a mai cutar tayirod ta Hashimoto, za ta iya fito maka a matsayin anafilastik. Wannan kuskure ne mai tsada, domin limfoma tana jin magani sosai, anafilastik kuwa yawancin masu ita ba sa cika shekara. Ka nemi kulon BC12. Bai kai su yawan kamawa ba, amma ba ya taɓa ƙwayoyin B. Ka kuma tuna PAX8 yana kama sankarar ƙoda, wadda takan yaɗu zuwa tayirod. In ɗan canji ya rage, CD45, rinin da ke kama limfoma, shi ne na biyu. Medulari kuwa a auna kalsitonin, sinadarin da take fitarwa, a jini.

Samfurin ma sai an gyara. A yanko nama da allura mai kauri daga gefen ƙarin, tsakiya yawanci a mace take, mataccen nama kuma rinin ƙarya yake yi. Fomalin kashi 10, awa 6 zuwa 72. A ɗora lafiyayyen naman tayirod a kan gilashi ɗaya da samfurin, don a san rinin ya yi aiki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Akwai masu sake liƙa takarda a kwalbar da ta gama aiki, da masu kawo kaya a jaka babu ƙanƙara. Antibodi yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Ka nemi sunan kulon da lambar rukuni a rubuce, ka gwada a naman da ka sani kafin ka biya cikon kuɗi. Wanda ya ce "duk ɗaya ne", ka mayar masa da kayansa.

In anafilastik ce, ka kira likitan a waya ranar, kada ka jira takarda ta isa, kuma a tura naman gwajin sauyin ƙwayar halitta na BRAF V600E, domin tun 2018 Amurka ta amince da haɗin magungunan dabrafenib da trametinib ga masu wannan sauyin.