Mun kai yara kamun kifi a ruwan gishirin Legas: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da gyara

Tun da muka dawo Katsina daga hutun zango na biyu, matan unguwarmu a Ƙofar Ƙaura da abokan aikina suke tambayata batun jirgin da muka yi haya a Legas muka fita da yara kamun kifi. Amsata ga kowa ɗaya ce: ku je, amma ku tsaya a ruwan ciki, kada ku yarda a fita muku da yara tsakiyar teku, kuma kada ku cika kuɗi sai kun ga rigar ruwa daidai jikin kowane yaro da idonku.

Ƙanen maigidana da ke zaune a Obalende ne ya samo mana kamfanin. Ba zan faɗi sunansu ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma ba su kaɗai ke wannan sana'a a gaɓar Ikoyi da Victoria Island ba. Tsari biyu suka ajiye mana. Na farko a fita teku sosai, yini guda, a nemi manyan kifaye irin su barakuda. Na biyu awa huɗu da safe a ruwan ciki, wato lagun (babban tafkin da ke haɗe da teku) da mashigin tashar jiragen ruwa, inda ba igiyar ruwa mai tsanani kuma ana hango tudu ta kowane gefe. Maigida ya so na farkon. Ni na ce da yara uku, babbar shekararta sha biyu, auta shida, ba inda za mu. Har yau ina nan a kan ra'ayina. Yaro ba ruwansa da girman kifi. Abin da yake so shi ne ya ji an ja zarensa, kuma a ja da wuri.

Wanda ya saba da madatsar Zobe ko ta Jibiya ko Ajiwa zai ɗauka ruwa duk ruwa ne. Lagun ɗin Legas daban yake. Koguna na zuba ruwan daɗi a cikinsa daga arewa, teku kuma na turo na gishiri ta mashigin da manyan jirage ke bi zuwa Apapa. Sau biyu a yini ruwan yana cikowa, sau biyu yana janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Kifi ya fi cin ƙoto sa'ad da ruwan ke tafiya, ko shigowa ko fita. Idan ya tsaya cik, sai ka yi ta zaman jira. Shi ya sa da suka ce mu kasance a bakin ruwa ƙarfe bakwai, ba don sanyin safiya kaɗai ba ne. Duk kamfanin da kuka tambaya yaushe ruwa zai ciko ranar fitarku ya kasa ba ku amsa, ku nemi wani. Kuma abin yana bin wata: a tsayuwar wata da tsakiyarsa ruwan ya fi cika, ya fi janyewa, ya fi gudu. Mu da muke lissafin watan Musulunci ba mu da wahalar gane wannan. Mai jirginmu ya ce da ƙananan yara ya fi son kwanakin da ke tsakani, don ƙaramar darma ma ta isa ta kai ƙugiya ƙasa.

Ƙorafina na farko a bakin ruwa ya taso. An rubuta sunayenmu, aka miƙo riguna masu hana nutsewa, dukkansu na manya. Da aka sa wa auta tasa, na kama kafaɗar rigar na ɗaga sama, sai ga ta ta wuce kunnuwansa, kansa ya shige ciki. Rigar da za ta yi haka a tudu, a ruwa zamewa za ta yi ta bar yaron. Ma'aikacin ya ce ba komai, a ɗaure da kyau kawai. Na ce ba mai taka jirgin nan. Tun a waya na faɗa musu shekarun yaran, suka ce akwai. Sai da muka yi kusan rabin awa a tsaye kafin aka aro ƙanana guda biyu daga wani jirgi, masu igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Hukumar LASWA, wadda gwamnatin Legas ta kafa a 2008 don kula da hanyoyin ruwa, ta wajabta sa rigar ga duk wanda zai hau jirgi, kuma an hana tafiyar dare. Amma ko rigar ta yi wa ɗanki daidai, wannan ke za ki duba. Mu da muke jin labarin kifewar kwale-kwale a Neja da Kebbi da Sakkwato kusan kowace damina bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Muka karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", aka tayar da inji. Daga rafin Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island, muka ɓullo babban mashigi, ga jiragen dakon kaya can ɓangaren Apapa, kowanne ya fi duk wani bene da yarana suka taɓa gani tsawo. Wannan kallon kaɗai ya ci rabin kuɗin. Mai jirgi ya nuna mana dogayen katangun duwatsu da Turawa suka fara jerawa a bakin teku wajajen 1908 don kada yashi ya toshe hanya. Su ne suke tare ƙarfin igiyar ruwa, shi ya sa gaɓar shaƙatawa ta Tarkwa Bay take a kwance lumui alhali bayan katangar teku na ta hauka. A wani lungu kusa da nan ya jefa anka, nesa da hanyar manyan jirage.

Abin da ya sa nake yabon wannan fita mutum ɗaya ne: yaron jirgin. Matashi ne ɗan Yawuri, iyayensa masunta, ya zo Legas neman kuɗi. Da ya ji muna Hausa sai fuskarsa ta washe, ya durƙusa ya gaida maigida, ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yaran nan ƙannena ne." Kafin ya ba kowa sanda, sai da ya ɗauki filaya ya matse 'yar ƙayar da ke bakin kowace ƙugiya, ya ce ko da ta soki yatsa za ta fito ba tare da an tsaga ba. Bai bar kowa ya wurga ba. Ya jera su gefe guda, tazarar hannu tsakaninsu, ya ce a saki zare a hankali har a ji darma ta taɓa ƙasa, sannan a ɗan ɗago. Ƙoton jatan lande ne ɗanye, ya yayyanka ƙanana, ba tana irin wadda yara ke tona a bakin rafi a gida ba.

Babbar 'yata ce ta fara kamawa. Bakin sandar ya yi rawa sau biyu, ta zabura za ta fizga, ya ce, "A'a ƙanwata, bar shi ya haɗiye tukuna." Da sandar ta lanƙwashe ya ce, "Yanzu!" Bai karɓe mata ba, wannan ne ya burge ni, tafin hannunsa kawai ya sa a ƙarƙashin sandar, ita ta yi ta naɗe zaren tana cije leɓe har kifin ya ɓullo yana walƙiya. Kuroka ne, wanda muke saye gasasshe da tsada, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ba. Ya riƙe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya kara mata a kunne. Kifin na wani gurnani daga cikinsa, ƙurr-ƙurr, kamar kwaɗo a cikin tulu. Ta zaro ido, sauran biyun suka yi ca suna cewa a kara musu su ma.

Bayan nan aka yi ta samun ƙanana: karfasa irin ta ruwan gishiri mai baƙin haɓa, da wani farin kifi mai gashin baki, ɗan uwan ragon ruwa, wanda Yarabawa ke kira obokun. Wannan kam bai bar yaro ko ɗaya ya taɓa ba. Ya nuna musu ƙayoyi uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, ya ce sukarsu tana sa babba kuka. Ƙaguwa kuwa ita ce ɓarauniyar ƙoto, mai shuɗin ƙafa. Takan biyo zare har saman ruwa sannan ta saki. Ya kamo ɗaya da 'yar koma ya saka a bokiti, kuma wannan bokitin ne ya riƙe mana auta. Domin gaskiya, bayan awa guda yaro ɗan shida ya gama da sanda. Ya fara tambayar yaushe za a koma, yana son leƙa ruwa, yana son zagaya jirgi. Da ba don ƙaguwar nan da cincin da na ƙunso ba, da fitar ta gagare mu. A ganina bakwai zuwa sama ne shekarun wannan abu, kuma awa uku ta wadatar. Ta huɗun kowa ya yi laushi.

Na tsakiyan, mai yawan tambaya, ya ɗanɗana ruwan ya tofar, sannan ya ce, "Abba, ana alwala da wannan?" Babansa ya ba shi hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Na ji daɗin yadda karatun Islamiyya ya zo ya same shi a inda zai gani da ido. Amma dai mun hana shi ƙara kaiwa baki, domin ruwan da ke kusa da gari ba shi da tsafta. Wannan ne abin da hotunan talla ba sa nunawa. Ledar ruwa, robar lemo, takalma, har da shuɗin bakin mai a wasu wurare, duk suna yawo, musamman idan ruwa na janyewa yana kwaso sharar gari. Sau da yawa yara sun ɗago zare da murna, ashe leda ce. Ba laifin kamfanin ba ne, amma ya kamata mutum ya sani kafin ya tafi, kuma ya tafi da jarkar ruwansa na sha da wanke hannu.

Laifin da yake nasu shi ne banɗaki da rumfa da kuɗin mai. Jirgin ba shi da makewayi ko kaɗan, kuma ba wanda ya faɗa mana. Namiji ƙarami da sauƙi, amma ga mace da 'ya mace budurwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai da aka kai mu gaɓa muka biya wani wuri. Rumfar kuma rabin jirgin kawai ta rufe. Kada ku ce mu 'yan Katsina mun saba da rana. Tamu busasshiya ce. Ta can ga gumi, ga hasken da ruwa ke dawo maka da shi a fuska, zuwa ƙarfe goma yara sun yi jawur. A tafi da malafa mai igiya da riga mai dogon hannu. 'Yan uwana mata, a bar dogon hijabi a masauki, a sa gajere, rigar ruwa a samansa a ɗaure. Iska na kaɗa dogon, ga ƙugiyoyi ga inji. Sannan da muka dawo sai aka kawo mana wani ƙarin kuɗi, wai mai ya ƙare fiye da lissafi saboda tsayawar da muka yi a gaɓa. Maigida ya biya don ba ya son hayaniya gaban yara, amma raina bai so ba. Ku sa su rubuta muku a WhatsApp abin da kuɗin ya ƙunsa: mai, ƙoto, sanduna, kuɗin tasha, da ko kifin naku ne. Ku kuma ware wani abu daban ku damƙa wa yaron jirgin a hannunsa, shi ne ya yi wahalar.

Kuɗin kansa ba kaɗan ba ne, jirgi guda ake haya ba kujera ba, don haka gida biyu su haɗa ya fi. Jirgin da muka hau zai ɗauki mutum takwas ba matsi, sai dai sanda fiye da huɗu a ruwa lokaci guda rikicin zare ne kawai.

Batun lokaci, yawancinmu dogon hutun Agusta muke zuwa Legas, kuma ba shi ne ya fi dacewa ba. Damina tana cika lagun da ruwan koguna har gishirin ya ragu ƙwarai, kifayen teku su ja baya, ga ruwan sama da kan sauko ba sallama. Daga ƙarshen damina kuma kainuwa ke sauka ta rufe wasu hanyoyin, tana naɗe farfelar inji, sai gishiri ya dawo da rani sannan ta mutu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwan ya fi gishiri, sama ta fi zama lafiya. Jiri da amai kuwa ba wanda ya yi a cikinmu, duk da manyan jirage idan sun wuce sukan girgiza mu. Shayi da burodi kawai na ba su kafin fita, ban bari sun ci mai maiƙo ba.

Ƙananan kifayen duk mayar da su ruwa aka yi, bisa shawarar ɗan Yawurin, wanda ya ce a bar su su girma. Yara sun ɗan yi gunaguni, sannan suka koma rige-rigen wa zai saki. Abin da muka riƙe bai cika ƙaramar kula ba. Shi ya kankare ya yanka mana a bakin ruwa, matar ƙanen maigida ta yi mana farfesun obokun da daddare, kurokan kuma aka soya. Yaran da kifin ƙanƙara kaɗai suka sani suka cinye har kai. Masu cewa in da na taho musu da tsaraba, ɗanyen kifi ba zai jure tafiyar Legas zuwa Katsina a mota da zafin bazara ba, ko da ƙanƙara. Wanda yake son tsaraba ya sayi banda da busasshen jatan lande a kasuwa ranar da zai taso.