Mai gida da kansa ko kamfanin kula da gidaje: me za ki tambayi kowanne kafin ki sa hannu?

'Yar'uwa, kin ce gidajen haya biyu kika duba, duk sun kwanta miki a rai. Na farko mai shi yana zaune a ƙasan benen, shi ma ya zagaya da ke. Na biyu kamfani ke kula da shi, ba ki ga mai gidan ba, ma'aikacinsu ne ya miƙo miki takarda mai shafuka da yawa. Kina son sanin abin da za ki tambaya kafin ki ɗauki biro. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai dai wurin da rigima ke ɓuya ya bambanta: a hannun mai gida tana cikin abin da aka faɗa da baki ba a rubuta ba, a hannun kamfani kuwa tana cikin abin da aka rubuta ba ki karanta ba.

Ki fara da ikon ba da hayar. Mai gida ki tambaye shi, cikin ladabi, ko gidan nasa ne shi kaɗai ko akwai masu haƙƙi tare da shi, don kada wata rana wani ya ƙwanƙwasa miki ƙofa ya ce bai san da zamanki ba. Kamfani ki nemi ganin takardar da mai gidan ya wakilta su da ita, ki tambayi asusun da kuɗi zai shiga da sunan da zai fito a rasit. Idan aka ce ki tura asusun ma'aikacin da ya nuna miki gidan, ki dakata.

Sai abin da za ki riƙa biya bayan kuɗin hayar. Wurin mai gida maganar ruwa da wuta ce: mita ɗaya ce ga gidan duka ko kowane sashe da tasa? In ɗaya ce, da wane lissafi ake rabawa, da yawan ɗakuna ko da yawan mutane? Kamfani yawanci mitarki daban, amma ƙananan kuɗaɗensu yawa gare su: shara, gadi, wutar matakala, la'ada, kuɗin rubuta yarjejeniya, tarar jinkirin biya, wani lokaci har da kuɗin sabunta hayar. Ki sa su haɗa miki jimillar shekara guda a takarda ɗaya. Ba mamaki ki tarar gidan da kika ɗauka ya fi araha shi ya fi tsada.

Inda na fi so ki tsaya shi ne kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa saboda ɓarna. Ki tambayi nawa ne, wa zai riƙe, kwana nawa bayan kin tashi za a mayar miki, kuma me za a iya cirewa. Ƙasashe sun bambanta a nan ƙwarai, saboda haka ki binciki dokar inda kike. A Ingila, tun 2019 bai kamata ya wuce kuɗin hayar mako 5 ba ga yawancin gidaje, kuma dole a saka shi cikin wani tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. A Jamus iyakarsa kuɗin hayar wata 3, ɗan haya kuma yana da damar biya kashi uku. A Faransa wata 1 ne ga gidan da ba kaya a ciki, wata 2 ga mai kaya. Kamfanin da ya san aikinsa ya san waɗannan dokoki, zai kuma kawo takardar lissafin halin da gidan ke ciki ranar shiga. Mai gida sau da yawa ba ya yin wannan, ba don mugunta ba, kawai bai saba ba. To ke ki yi. Ranar karɓar makulli ki ɗauki hoton tayil ɗin da ya tsage a bakin banɗaki, da taswirar da ruwa ya zana a silin, da marfin kabad ɗin kicin da ke reto, da lambar da mita ke nunawa. Ki tura masa a saƙo ranar, ya amsa ya gani. Ki kuma tambayi kowannensu yadda suke bambanta tsufa da ɓarna. Fenti ya koɗe bayan shekara biyu tsufa ne. Ƙofar da yaro ya ɓalle ɓarna ce.

Gyara kuwa, a nan mai gida kan fi. Famfo ya fashe cikin dare, matakala kawai za ki sauka, kuma a kansa ruwan zai zuba idan ya yi sanyin jiki. Amma ki tambaye shi wane gyara ne nasa, wanne naki, kuma in kin gyara da kuɗinki ko za a cire a hayar gaba. “Za a duba” ba amsa ba ce. Kamfani na da lambar kira da ma'aikata, sai dai ki tambaye su ko suna iya kashe kuɗi ba tare da jiran izinin mai gidan ba, don a wannan jiran ne yoyo ke kwashe makonni. In gidan tsoho ne ki tambayi shekarunsa da na wayoyin wutarsa. A Amurka ma doka ta tilasta a sanar da ɗan haya abin da aka sani game da fenti mai dalma a gidajen da aka gina kafin 1978.

Akwai abin da mutane ke jin nauyin tambaya. Wa ke da makulli na biyu, kuma zai iya shiga ba kya nan? Ana rufe ƙofar waje da wani lokaci? Baƙo zai iya kwana? Kamfani duk sun rubuta, karantawa ce taki. Mai gida kuwa dokokinsa a ransa suke, sai kin taka za ki ji. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: in kika zauna a saman mai gida, ya san lokacin fitarki da na dawowarki.

Ƙarin kuɗi da tashi ki tambaye su tare. Yaushe za a iya ƙarawa, da sanarwar wata nawa? In aiki ya ɗauke ki kafin wa'adi ya cika, za a mayar miki da ragowar ko za ki iya kawo wanda zai gaje ki? In an sayar da gidan fa? Kamfani ba sa sassauci a nan, amma kin san matsayinki tun farko. Mai gida zai iya yi miki alheri fiye da abin da ke takarda, zai kuma iya cewa ɗansa ya dawo yana bukatar wurin.

In ni ce, zan ɗauki na mai gidan, da sharaɗin ya yarda a rubuta duk abin da ya faɗa, ku biyu ku sa hannu da shaida, kowa ya riƙe kwafi. In ya ce ai ba sai an rubuta ba tunda an zama ɗaya, ki koma wurin kamfanin, ki ce su ba ki takardar ki kwana da ita kafin ki sa hannu. Kafin nan ki samu ɗaya daga cikin masu haya a kowane gidan, ba a gaban mai shi ba, ki tambaye shi ko wanda ya tashi daga sashen ya karɓi kuɗin ajiyarsa.