Murfin tanki mai makulli: ya hana ɓarawo, ni ma ya hana ni

Tun da Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ajiye mota a waje ya zama kasada. Ni kuwa ba ni da gareji, a ƙofar gida tsohuwar motata ke kwana. Sau biyu ina zuba mai da yamma, in fito da safe in tarar allurar geji ta kwanta, ga warin fetur a ƙasa. An ɓanɓare ƙofar tankin, an zura tiyo an zuƙe. Wataƙila ma a jarkar ɗan bumburutun bakin titinmu ya ƙare, na sake sayen abina.

Bakanikena ne ya ce in shiga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, inda ake sayar da kayan gyaran mota, in nemi murfi mai makulli. Na samu, da 'yan makullai biyu, mai shagon har da rantsuwa wai sai dai a ɗauke motar gaba ɗaya. Gaskiya ya yi mini rana. Fiye da shekara ba a taɓa mini mai ba, har a majalisa nake tallata shi, mutum biyu suka saya saboda ni. Allah ya sa su yafe mini.

Ranar da ya tona mini asiri cikin hunturu ne, lokacin lita ta riga ta haura dubu. Na yi kusan awa biyu a layi, sai da na iso bakin famfo makulli ya shiga amma ya ƙi juyawa. Ƙura ta cika ramin, don ko ɗan marfin da zai rufe shi ba su yi masa ba. Na murɗa, na jijjiga, na hura da baki. Na baya sai hon suke dannawa kamar ni na ƙara kuɗin man. Yaron da ke zuba mai ya ce, "Alhaji, don Allah ka ɗan matsa gefe." Wani mai adaidaita sahu ya kawo ɗauki, ya ɗiga baƙin mai a ciki, ya murɗa da ƙarfinsa, makullin ya lanƙwashe. Ɗayan kuma yana gida a aljihun wata riga. Haka na fita daga layi ina ji ina gani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da bakanike ya iso. Sukundireba kawai ya soka, ya danna sau biyu, murfin ya fito. Ko minti biyu bai yi ba! Na ce, "Malam, to ashe ɓarawon ma zai iya?" Ya yi dariya ya ce ɓarawo ba ya son ƙara da ɓata lokaci, in ya ga makulli sai ya wuce motar maƙwabci. Wato duk barcin da na yi shekara guda, wannan murfin ne ke gadina.

Kuma yanzu da na tuna, robar bakinsa ba ta taɓa kamawa da kyau ba. Duk ranar da na cika tanki sai uwargida ta yi ƙorafin warin fetur, ni kuma ina ta kare shi.

Na mayar da tsohon murfina. Man yini ɗaya nake zubawa yanzu, kuma mu shida a layinmu mun haɗa kuɗi mun ɗauki mai gadi.