Jakar kayan gyaran keke ta jika uku, bayan damina guda da rani biyu

Tun komawar makaranta a watan Oktoban 2023 nake gyaran kekena da hannuna, ba don na iya ba, sai don aljihu ya gaza. Ina koyarwa a wata makarantar firamare ta wajen Jiratawa, gidana kuma yana unguwar Zariya a cikin garin Maraɗi, kullum sai na je na dawo a kan wani tsohon Phoenix baƙi mai birkin ƙarfe wanda na saya hannu tun kafin in yi aure. Keken bai taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya ba ni kunya shi ne kuɗin ciyar da shi.

A wancan lokacin ne na shiga babbar kasuwa na sayi wata 'yar jakar kayan gyara a kan sefa 3,000. Babu sunan kamfani a jikinta, hoton keke ne kawai da rubutun Sinanci. A ciki akwai sifana mai faɗi mai ramuka da yawa, ƙarfen cire taya guda uku, sukudireba, ɗan ƙullin faci, sholisho a ɗan bututu, da guntun ƙarfe mai kaushi na kankare tub. Na ƙara da famfon hannu daban. Mutane da yawa sun tambaye ni ko jakar ta biya kuɗinta, musamman abokan aiki da suka ga ina ɗaure da ita a ƙarƙashin sirdi. Amsar ita ce ta biya, amma rabin abin da ke cikinta ne ya yi aikin.

Wanda bai zauna Maraɗi a ƙarshen 2023 ba ba zai gane abin da ya sa malamin makaranta ya koma mai faci ba. Kayan keke ta hanya biyu suke zuwar mana: ko daga Kano, su biyo Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa, ko daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano su tsallako gadar Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi kwana huɗu bayan haka, hanyoyin biyu suka rufe lokaci guda. Mun taɓa ganin rufewar iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, amma wancan karon gefe ɗaya ne, kaya na shigowa ta Kwatano. Wannan karon sai abin da babura suka ɗauko ta ɓarauniyar hanya, kuma kowane kwali sai ya biya kuɗin wahalarsa kafin ya iso rumfa. Ga shi tun watan Mayun shekarar Najeriya ta cire tallafin mai, kwalabar 'yan ruwa-ruwa ta yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya hau. Duk mai tsohon keke a zaure ya fito da shi ya kakkaɓe ƙura. Masu nema suka ƙaru daidai lokacin da kayan suka ɓace.

Tub ɗin da na saba saye jika ɗaya da rabi, sai da aka ce mini jika uku, kuma wai in gode Allah da na samu. Tayar irin kekena, mai lamba 28, na yi sati biyu ina zagaya rumfuna ban same ta ba, sai ta ƙananan kekunan yara jibge ko'ina. Facin da ake yi mini dala ashirin, wato sefa 100, ya koma arba'in, don shi ma mai facin sholisho ya yi masa tsada. A hanyar Jiratawa kuwa, inda tsidau yake shimfiɗe a gefen kwalta bayan damina, da wuya sati ya wuce ba tare da faci ɗaya ko biyu ba.

To, faci shi ne abin da jakar ta fi yi mini amfani a kai, sai dai na sha wuya kafin in kama hannu. Ranar farko na ɗauki robar wanke-wanken maiɗakina na cika da ruwa, na hura tub na tsoma, kumfa ta nuna mini ramin. Na goge, na shafa sholisho da yawa don ya kama sosai, na manna faci nan take. Da asuba taya ta kwanta. Na sake, ta sake kwanciya. A karo na uku na turo keken zuwa wurin wani dattijo mai gyara da ke zaune a ƙarƙashin bedi a bakin hanyarmu, wanda ya fi shekara ashirin yana wannan sana'a. Ya ɓare facin da farce, ya duba, ya yi dariya.

“Mushe, kai da kake koya wa yara haƙuri? Sholisho ba kunu ba ne da za ka sha da zafi. Shafa kaɗan, ka bar shi ya sha iska har in ka taɓa bai bi yatsanka ba. Sannan ka ɗora.”

Na ce, “Baba, ai tsoro nake kada ya bushe ya ƙi kamawa.”

Ya ce, “Sai ya bushe yake kamawa.” Sannan ya zura yatsa cikin tayar ya zagaya a hankali, ya tsaya, ya zaro ƙayar tsidau da ba ta kai ƙwayar gero ba. Tana nan a maƙale tun ranar farko, ina ta liƙe rami tana ta huda wani kusa da shi.

Tun daga ranar ban sake biyan kuɗin faci ba. Facin da ya zo a jakar yana da kyau, gefensa siriri ne, yana kwanciya lif a jikin tub, sai dai guda shida ne kacal, wata biyu suka ƙare. Sholishon ma bututun ƙarami ne, kuma zafin garin nan ba ya barin sa, in ka buɗe ka rufe sau uku, na huɗu sai ka tarar ya daskare. Yanzu na gwangwani nake saye, ina yanka faci daga tsohon tub, in kankare shi sosai, in zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada ya samu inda zai fara ɗagowa. Ƙarafan cire tayar nan uku kuwa, ko su kaɗai aka sayar mini a kuɗin jakar ba zan yi kuka ba. Kafin in saba da su na taɓa sa sukudireba, na tsinke sabon tub wuri biyu.

Sifanar ce ta ci amanata. Ƙarfenta laushi gare shi. Notin ƙafar baya lamba 15 ne, na ɗaura na danna da ƙarfi sau biyu, bakin ramin ya buɗe, ta riƙa zamewa tana cinye kusurwar notin, har ta fasa mini bayan hannu a jikin sarƙa. Ƙarshenta wurin masu tsofaffin ƙarafa na je na tsinto tsohuwar sifana 15 mai nauyi, duk tsatsa, a sefa 500, ita nake aiki da ita har yau. Ta jakar ban jefar ba, siririntakarta tana amfani wajen riƙe kon, wato mazugin da ke danne 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu, inda sifana mai kauri ba ta shiga. Sukudireba kam kansa ya murɗe tun watan farko, yanzu yara ke tonon ƙasa da shi.

Maganar boris ta tuna mini ranar da na fi jin haushin kaina. Ƙafar baya ta fara ƙara, ƙurus-ƙurus, kamar ana tauna tsakuwa. Wata Asabar na kifa keken a tsakar gida, na kwance, na zare sandar tsakiya, 'ya'yan boris suka zubo cikin rairayi suka watse. Tara ne a kowane gefe, sha takwas ke nan, na tsinci sha biyar. Ni da ɗana muka yi ta tankaɗe ƙasa da rariyar uwarsa har la'asar, muka samu biyu, ɗaya ya tafi ke nan. A kasuwa kuma ba a sayar da ɗaya, kuma ba a son haɗa sabo da tsoho, sai da na sayi ƙulli. Yanzu a kan faranti nake kwancewa. In wanke su da kananzir, in cika kofin da giris, in jera su ɗaya bayan ɗaya giris ɗin na riƙe da su. Wurin ɗaure kon ne ake sanin hannu, in ka matse ƙafa ta ƙi juyawa, in ka sassauta ta riƙa rawa. Sai ka yi ta nema, kaɗan gaba kaɗan baya, har ta juya sumul ba ta girgiza. 'Ya'yan boris na ƙafar gaba ƙanana ne, ba a musanya su da na baya, wannan ma sai da na saya ba daidai ba na sani.

Sarƙa ba ta da wuya. Kuskuren da na daɗe ina yi, kuma ina ganin kusan kowa na yi, shi ne zuba mata baƙin mai har yana ɗiga. A gari mai rairayi irin namu, mai da ƙasa in suka haɗu dutsen niƙa ne. Yanzu ina wanke ta, in ɗiga kaɗan, in goge na waje da tsumma. Da na sayi sabuwa na ɗora a kan tsohon firiwil, wato ƙarfen nan mai haƙora na ƙafar baya da sarƙa ke hawa, sai ta riƙa tsalle duk lokacin da na taka da ƙarfi, don haƙoran sun riga sun cinye daidai da tsohuwar. Dole na sayi firiwil ɗin ma, a lokacin da kuɗinsa ya kusan ninkawa. Feda ta hagu kuwa a juye ake kwance ta. Na yi rabin awa ina ƙara ɗaure ta ina zagin tsatsa.

Akwai abin da ba zan sake taɓawa ba, shi ne miƙe ƙafa. Waya biyu suka tsinke a ƙafar baya bayan na ɗauko buhun masara, na sayi sababbi na sa, na ga ƙafar ta ɗan karkace, na ce bari in ja nan in saki can. Kafin magariba ta zama kamar tsohon faifai, tana dukan birki a kowane juyi. Na kai wa dattijon nan ina sunkuyar da kai. Bai ce komai ba, ya sassauta wayoyin duka, ya fara daga farko, yana juyawa yana kallon tazarar da ke tsakanin ƙarfen da babban yatsansa, yana kaɗa wayoyin yana sauraren ƙararsu. Ya karɓi jika guda, kuma ya ci kuɗinsa halal. Na ɗan ji nauyi a raina, don na san facin da na daina kawowa yana cikin cefanensa. Na faɗa masa haka. Ya ce, “Kada ka damu Mushe, masu gyara a gida su ne manyan masu kawo mini aiki.”

Game da kayan da kansu, in zan ba da shawara guda, kada a sayi tub mafi araha. Na sayi irinsa sau biyu cikin matsi, mai sheƙi, mara nauyi a hannu. Ba ƙaya ke kashe shi ba, ta layin haɗinsa yake tsagewa, ko ya ɓalle a gindin bawul, inda faci ba ya kamawa. Ɗaya sati uku ya yi, ɗayan ko kwana goma sha biyar bai yi ba. Mai kauri da na ƙara jika guda na saya yana ciki har yanzu da faci bakwai a jikinsa. Ka ɗaga biyun a hannu, ka ja robar, wanda ya fi nauyi ya fi dawowa da sauri shi ne naka. Dabarar da ta rage mini faci fiye da komai kuma ba saye na yi ba: tsohuwar taya na yanke wa gefuna biyu masu waya, na shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin in sa tub. Keken ya ƙara nauyi, ana jin sa a cinya wurin hawan tudun shigowa gari, amma tsidau ba ya kaiwa ciki.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, kaya suka fara dawowa rumfuna. Na yi zaton da faɗuwar naira mu masu sefa za mu sha daɗi, ashe 'yan kasuwar Kano da dalar Amurka suke sayowa daga Sin da Indiya, abin da naira ta rage sun mayar da shi a kan farashi. Gadar Gaya kuma ba ta buɗe tare da sauran ba, kayan teku sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso. Tub ya sauko kaɗan, bai koma inda yake ba, faci kuwa yana nan a dala arba'in.

Yanzu tayar gaba ce ta fara nuna zare. Na je rumfar da na saba sau biyu, mai kayan ya ce irin mai kaurin da nake so tana hanya, in leƙo bayan Juma'a. Juma'a uku ke nan. Na musanya mata wuri da wata tsohuwa da ke rataye a zaure, na yanka guntun fata na toshe inda ta fi cinyewa, gobe da ita zan tafi Jiratawa.