Wata shida ina aiki da sabuwar na'urar auna Zs

Na sayi wannan na'ura ne saboda aiki ɗaya da ya daɗe yana ba ni wahala, wato auna turjiyar hanyar da wuta ke bi idan wayar laif ta taɓa ƙarfen da aka haɗa da atin, ta zagaya har tiransifoma ta dawo. Wannan adadi shi ake kira Zs, kuma idan ya yi yawa, wutar da za ta gudana ba za ta isa ta faɗar da bireka cikin daƙiƙa 0.4 da ƙa'idar aikin wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta gindaya wa layin soket a tsarin TN (wanda atin ɗinsa ke komawa tiransifoma ta waya) ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne gwajin da ba ya faɗar da RCD, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare zuwa atin. Tsohuwar na'urata tana jan wuta mai yawa, don haka da na danna maɓalli sai RCD mai miliamfiya 30 ta yanke, kayan mutane su mutu a tsakiyar aiki. Wannan kuwa kaɗan take ja, kuma tun da na fara aiki da ita hakan bai faru ba.

Sai dai a nan ne kuma rauninta yake. A wani layin soket mai bireka B32 (nau'in B mai amfiya 32), na auna soket mafi nisa sau uku, allon ya nuna mini turjiyar om 0.92, sannan 1.04, sannan 0.97. Iyakar wannan bireka 1.37 ce, amma da yake wayoyi a sanyaye suke lokacin gwaji, kashi 80 cikin ɗari ake ɗauka, wato kusan 1.10. Ke nan tazarar da ke tsakanin sakamakon uku ba ƙarama ba ce ga layin da ke gab da iyaka. Na koma bakin shigowar wuta, na kashe babban makunni, na cire wayar atin na auna Ze, wato turjiyar ɓangaren hanyar da ke wajen ginin, da gwajin wuta mai ƙarfi, na samu 0.28 har sau uku, na mayar da wayar, na haɗa da 0.61 na R1+R2, wato turjiyar wayar laif da ta atin na layin, da na auna tun layin yana kashe. Jimilla 0.89, wato Zs ke nan ta hanyar lissafi. Da na kashe wata inbata da ke kan layin, sai sakamakon ya zauna kusa da 0.92.

Wajen adana sakamako, tana ajiye kowane adadi da lambar layinsa, amma maɓallanta ƙanana ne ga mai safar hannu. Har yanzu a takardar gwaji nake rubuta adadi mafi girma na kowane layi, tare da nau'in bireka da irin gwajin da na yi, domin wanda zai zo dubawa bayan shekaru ya san da me zai kwatanta. Zan ba abokin sana'a shawarar sayenta, matuƙar zai riƙa gwada sakamakonta da lissafin Ze da R1+R2 duk lokacin da adadi ya kusanci iyaka.