Wata 8 ina hawan keken guragu ƙirar Kano

Shan inna ce ta taɓa min ƙafafu tun ina ɗan shekara 3, don haka keke ba baƙona ba ne. Da farko irin na asibiti nake da shi, mai naɗewa, wanda wata ƙungiya ta raba mana. A kan siminti ba shi da na biyu. Amma da ƙaramar tayarsa ta gaba ta tsage a lungunmu, sai da ƙanena ya karaɗe Sabon Gari bai samu irinta ba. Wata 4 yana jingine a zaure, ni kuma na koma jiran mai ɗora ni a babur.

Wannan na yanzu mai ƙafa uku ne, wani mai walda ya ƙera min, shi ma gurgu ne. Da hannu ake juya fedarsa, kaca ta ja tayar gaba, kuma da ita ɗin ake karkata shi. Abin da ya fi burge ni, kusan komai na jikinsa kayan keke ne: taya, kaca, boris, birki. Ƙusa ta soke min taya a hanyar Kurmi, mai facin bakin titi ya gyara kafin in gama shan ruwa. Akwatin da mai waldar ya yi min a bayan keken kuwa yana cin katan biyu na sabulu, da shi nake saro kayan tireda ba tare da na aiki kowa ba. Wanda bai taɓa jiran ɗan aike tun hantsi har la'asar ba, ba zai gane daɗin wannan ba.

Sai dai akwai nauyi. Makon farko kafaɗuna kamar an yi min duka. Gadar Ƙofar Nassarawa sau ɗaya na gwada hawa, ban sake ba. In damina ta sauka, tayar gaba sai ta riƙa sulɓi a taɓo, domin nauyina a baya yake. Soson kujera ma ya lotse tun wata na uku, na sa kafinta ya canza.

Faɗinsa kuma ya hana shi shiga ƙofofi da yawa. A banki dole in bar shi a waje in ja jiki a matakala, duk da dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi mana hanya.

Mai niyyar saye ya je da kansa a auna tsawon hannunsa kafin a kafa feda. Nawa sai da muka koma aka sauko da ita kaɗan.