Na Haɗa Kwamfutar Gem da Ɗan Kuɗi, Ga PlayStation 5 a Gefe: Abin da Na Gani

Akwai wata magana da masu buga gem a kwamfuta ke yawan yi, wai da kuɗin da za ka sayi PlayStation 5 za ka haɗa kwamfutar da ta fi ta ƙarfi. Na haɗa tawa da hannuna, na daɗe ina amfani da ita, ga kuma PS5 ɗin ƙanina a ɗaki ɗaya da ita. A ranar saye dai maganar nan ba gaskiya ba ce. Arahar kwamfuta daga baya take fitowa, kuma ba kowa take fito wa ba.

Ga kayan da na sa. Farosesa Ryzen 5 5600 ce ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2022, mai cibiyoyin aiki 6. Babban allon da komai ke hawa kansa samfurin B550 ne, mai mazaunin AM4. Na zaɓi AM4 ne da gangan, domin tun 2016 ake amfani da shi, kayansa sun cika kasuwa, sababbi da na hannu. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, 16GB ne na DDR4, sanda biyu masu 8GB kowace. Katin hoto, wanda ke zana abin da ake gani a monita, Radeon RX 6600 ne mai ma'ajiyar 8GB, fitowar 2021. Sai ma'ajiya SSD mai 1TB, da mai raba wuta na wat 550. Akwatin kuwa na ɗauki mafi sauƙin da ke da ƙofar iska a gaba, ban damu da fitilun ado ba.

Duk wanda ya san kayan zai gane cewa katin nan bai kai na cikin PS5 ba. Iyali ɗaya ne, dukansu fasahar RDNA 2 ce ta AMD, amma na PS5 yana da rukunin lissafi 36, RX 6600 kuwa 28. Dalilin da ya sa yake da wuya ka doke na'urar gem a farashi shi ne, masu yin ta ba a jikin ƙarfen suke neman riba ba. A shari'ar Epic da Apple ta 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa ba sa cin riba a sayar da na'urar gem ɗinsu ta Xbox kanta. Ribar tana cikin kason da suke yanka a kowane gem da aka saya da kuma kuɗin rajista. Kai kuwa da kake tsintar kaya ɗaya bayan ɗaya, mai farosesa zai ci ribarsa, mai kati zai ci tasa, har mai akwati. Da PS5 ta fito a Nuwamban 2020 dala 499 aka sa mata, marar faifai 399, Xbox Series S kuma 299. Ba a haɗa sabuwar kwamfutar gem ta kirki a kuɗin Series S, ko wa ya gaya maka.

Sannan lissafin da ake nunawa a bidiyo yawanci na akwatin ne kawai. Abin kamar sayen doki ne, sai ka kawo shi gida kake tunawa da sirdi da harawa. Monita, kibod, linzami, lasisin Windows, abin kama Wi-Fi idan allonka bai zo da shi ba, da fad, wato abin buga gem da ake riƙewa a hannu, idan kana son buga ƙwallo. Na'urar gem kuwa da fad ɗinta da wayar HDMI take zuwa a kwali, talabijin kuma dama akwai.

Haɗawar ita ce abin da mutane suka fi tsoro, ita ce kuma ta fi sauƙi. Sukundireba ɗaya ya isa. Kusan komai ba ya shiga sai ta fuskar da aka yi shi ya shiga. Wuri biyu ne ke son natsuwa. Na farko, farosesar AM4 tana da ƙananan ƙafafu na ƙarfe a ƙarƙashinta, masu saurin lanƙwashewa. Ka daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ta mazaunin, ka sake ta ta zauna da kanta, kada ka danna. Na biyu, 'yan siraran wayoyin maɓallin kunnawa da fitilar gaba, waɗanda sai ka buɗe littafin allon ka bi zanen a hankali. Nan ne haƙurin mutum ke ƙarewa.

Akwai ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya maka sai ka tambaya. Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, saboda haka wayar monita jikin katin hoto take shiga. Idan ka soka ta a jikin allo, baƙin gilashi za ka yi ta kallo. Sanda biyun RAM ba a jere ake sa su ba, yawanci rami na biyu da na huɗu ne. Kuma RAM ɗin da aka rubuta 3200 a jikinsa ba zai yi gudun nan ba sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo, ka kunna saitin gudun RAM da ake kira XMP, in ba haka ba a ƙasa zai zauna, ka biya kuɗin abin da ba ka mora. Wanda ya ɗauki tsohon allo irin B450 domin rage kuɗi, ya tabbatar an sabunta masa BIOS, don wasu ba sa gane farosesar jerin 5000, irin wannan tawa, sai an yi hakan.

To, ya take aiki? A monita mai 1080p, wato Full HD, ba ni da ƙorafi mai yawa. Mafi yawan gem suna ba ni hotuna 60 ko fiye a daƙiƙa da saiti mai tsayi. Wasannin gasa irin Counter-Strike 2, Valorant da Fortnite suna wuce haka nesa, kuma a nan ne na fara jin daɗin kuɗina, domin saita bindiga da linzami daban ne da saitawa da babban yatsa. Amma idan aka kunna fasahar bin haske, wadda ke sa inuwa da ƙyallin ruwa su zama kamar na gaske, katin sai ya durƙusa. Na kashe ta na huta. FSR, wato dabarar AMD ta zana hoto ƙarami sannan a faɗaɗa shi, tana taimakawa, sai dai a 1080p hoton kan ɗan yi laushi, musamman a gashi da ciyawa. Masu katin RTX na Nvidia suna da tasu irin dabarar, DLSS, wadda a idona ta fi tsabta.

Inda abin ya fi damuna shi ne 8GB ɗin nan na katin. PS5 da Xbox Series X suna da 16GB da farosesa da sashen hoto ke rabawa, masu ƙera gem kuma da wannan ma'auni suke aiki yanzu. Da aka kawo The Last of Us Part I kan kwamfuta a Maris 2023, duniya ta ga yadda katunan 8GB suka sha wuya kafin a yi ta fitar da gyara. Tun daga lokacin, a manyan gem sababbi, abu na farko da nake ragewa shi ne ingancin zanen jikin abubuwa. Ba wai gem ɗin ba zai tashi ba ne. Zai tashi, amma kana tsakiyar gudu sai ya ɗan ƙame, ko bango ya zo a dusashe kafin ya washe. Mai PS5 bai san wannan zance ba. An auna masa gem ɗin daidai da na'urarsa tun daga kamfani, zaɓinsa biyu ne kawai, ko kyan hoto ko sauri.

Kuɗin gem ne ke juya lissafin. Sabon babban gem a zamanin PS5 dala 70 ne, kuma buga yawancinsu da mutane ta intanet sai da rajistar PlayStation Plus, ko takwararta a Xbox. Waɗanda dama kyauta ne, irin Fortnite, su ne ba sa buƙata. A kwamfuta, a yawancin gem, ba mai karɓar ko sisi don ka shiga fili da abokanka. Steam, shagon kamfanin Valve da ke nan tun 2003, yana yin babban rangwame sau da dama a shekara, inda gem ɗin da ya shekara biyu ko uku kan faɗo zuwa rabi ko ƙasa da haka. Epic Games Store na raba gem kyauta kowane mako, in ka karɓa ya zama naka. Abin da na fi yabawa a Steam shi ne mayar da kuɗi: idan ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga awa 2 ba, za ka iya mayarwa. Ga mai ƙaramar kwamfuta wannan babban abu ne, domin hanya ce ta gwada ko gem zai yi gudu a kayanka kafin kuɗin su tafi.

Sai dai a yi adalci. Mai na'ura da ke cin faifai yana da abin da ni ba ni da shi: yana gama gem ya sayar, ko ya ba da aro, ko ya yi musaya. Abin da na saya a Steam ya manne da asusuna har abada. Kuma rangwamen nan tarko ne ga marar riƙe hannu. Na san masu ɗaruruwan gem a asusu da ba su taɓa buɗe rabinsu ba, suna kuma kiran hakan tattali.

Batun waɗanne gem ake samu a ina ya sauya sosai. Microsoft na sakin nata a kwamfuta rana ɗaya da Xbox, har da Game Pass na kwamfuta, rajistar da ke ba ka damar buga gem da yawa, wanda hakan ya sa ban ga dalilin mai kwamfuta ya ƙara da Xbox ba. Sony ta kawo wasu nata, amma a makare: God of War na 2018 sai Janairun 2022 ya iso, Spider-Man sai Agustan shekarar, Ghost of Tsushima na 2020 kuma sai Mayun 2024. Idan kai mai son buga abu ne lokacin da ake tsakiyar zancensa, jiran zai ci maka rai. Nintendo kuwa ba ta kawo Mario da Zelda kan kwamfuta, magana ta ƙare. A ɗaya ɓangaren, Dota 2 da League of Legends da yawancin wasannin tsara yaƙi da gina birni gidansu kwamfuta ne, ga kuma gyare-gyaren da 'yan wasa ke yi da kansu, waɗanda suka sa Skyrim na 2011 har yau bai mutu ba.

Abin da ba ya shiga lissafin kuɗi shi ne lokaci. Kwamfuta tana son a kula da ita. Yau sabon direban kati ne ya fito, wato manhajar da ke sarrafa shi, gobe Windows na son sake tashi, jibi gem ya ce a jira ya shirya zanensa kafin a fara. Kowane kamfani da manhajar shigarsa da kalmar sirrinsa. Wasu wasannin gasa ba sa ma buɗewa a Windows 11 sai an kunna saitunan tsaro na TPM da Secure Boot a BIOS, saboda yaƙi da masu maguɗi, kuma duk da haka masu maguɗin sun fi yawa a kwamfuta. Wata rana ina cikin saite-saite ƙanina ya leƙo ya ce, "Yaya, kai gem kake bugawa ko gyara kake koya?" Shi ya riga ya ci wasa biyu. Ni dai ina jin daɗin wannan tone-tonen, shi ya sa ban ɗauke shi asara ba. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye yana da awa ɗaya tak, ba zai ga abin dariya a ciki ba.

Haka nan idan abokai suka taru ana son a buga EA Sports FC, wanda aka sani da FIFA kafin 2023, ba mai waiwayar kwamfutata. Ana iya jona mata fad biyu a kai ta gaban talabijin, na yi, yana aiki. Amma PS5 an yi ta ne don wannan zama, a danna maɓalli ɗaya a miƙa wa na kusa fad. Duk wanda ƙwallo ce kaɗai gem ɗinsa, shekara ta zagayo ya sayi sabuwa, to kada ya wahalar da kansa da haɗa kwamfuta. Ban ga abin da zai ƙaru da shi ba.

Wanda nake ba shawarar haɗawa shi ne wanda dama yana buƙatar kwamfuta, ɗalibi ne, ko mai tace bidiyo, ko mai zane, ko mai koyon rubuta manhaja. A wurinsa kuɗin gem ɗin katin hoto ne kawai, sauran dama zai saya. A haka lissafin ya fi na kowace na'urar gem daɗi nesa ba kusa ba.

Game da kayan hannu, nan ne arahar gaske take, nan ne kuma ake ƙonewa. A 2021 katunan hoto sun yi tsadar hauka saboda ƙarancin kayan lantarki da masu haƙar kuɗin kirifto. Da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifton da ake haƙa da katin hoto, ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022, katunan da suka kwana suna aiki dare da rana suka malalo kasuwa. Ba dukansu ne matattu ba, amma kada ka biya sai an sa katin a kwamfuta a gabanka, an buɗe gem mai nauyi, ka ga zafinsa, ka saurari fankokinsa, ka duba ko hoto na fitar da ɗigo-ɗigo. Farosesa da RAM da akwati ba su cika ba da matsala a hannu na biyu ba. Mai raba wuta kam sabo, na kamfanin da aka sani, mai shaidar tattalin wuta ta 80 Plus. Araha ba ta ado a wannan wuri, domin in ya tashi mutuwa yakan ja wasu kayan su tafi tare.

Zancen cewa kwamfuta ana ɗaga darajarta sannu a hankali gaskiya ne, da iyaka. Kati zan iya canzawa gobe, in sayar da tsohon in cika. A mazaunin AM4 kuma akwai sauran mataki ɗaya, irin su Ryzen 7 5700X3D. Bayan nan hanya ta toshe: sababbin farosesar AMD na AM5 ne, suna son sabon allo da RAM na DDR5, wato kaya uku a lokaci guda. Da yau zan sake haɗawa da kuɗi iri ɗaya, zan ƙara matse akwati da ma'ajiya, in fara da SSD mai 500GB tunda ana ƙara wata daga baya cikin minti kaɗan, in zuba abin da ya rage a katin da ke da 12GB, ko RTX 3060 ko RX 6700 XT na hannu da aka gwada a gabana.